Tsohon karena ya daina riƙe sawu: tsufa ne ya taɓa masa hanci?

Maharbin_Sumaila
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya da nake fatan masu ilimin dabbobi da manyanmu a harkar farauta za su warware mini. Akwai kare da na raina tun yana ɗan kwikwiyo, a kakar bana ya cika shekara 11 a hannuna, kuma duk wanda ya taɓa shiga daji da mu ya san cewa idan ya kafa hancinsa a ƙasa, zomo ko gafiya ba su da wurin ɓuya. Tun ranin bara na lura yana ɗaukar sawu, ya bi shi ɗan nisa, sai ya tsaya yana ta kewaya wuri ɗaya, wani lokaci ma ya saki sabon sawu ya koma kan wanda dabba ta bari tun jiya. Bana har ta kai na jefa masa ƙashi cikin ciyawa ya wuce ta kansa sau biyu bai ɗauka ba. Ɗana da ke karatun aikin jinya ya ce mini jijiyoyin hanci suna mutuwa suna sake tsirowa muddin rai. Idan haka ne, me ya hana nasa tsirowa? Wasu kuma a garinmu sun ce asiri aka yi masa saboda hassada.

Baba_Sarkin_Dawa_Gwaram
Wa alaikumus salam. Yaro, cire maganar asiri daga ranka, kada ta ɓata tsakaninka da maƙwabtanka a banza. Na haura shekara 40 ina fita daji, kuma ban taɓa riƙe kare ya kai shekara 9 hancinsa yana nan kamar na ƙuruciya ba. Abin da na lura shi ne ba a rana ɗaya yake tafiya ba. Da farko kare zai rasa sawun da ya kwana, daga nan ya rasa sawu a kan fako da tsakar rana, amma da sassafe, lokacin da raɓa ke kan ciyawa, za ka gan shi yana aiki har ka ce ba shi ba ne. Mu abin da muke yi shi ne mu haɗa shi da matashin kare: matashin ya ɗauki wari, tsohon kuma ya san inda dabba take ratsewa da ramin da take faɗawa.

Likitan_Dabbobi_BirninKudu
Malam Maharbi, ɗanka ya faɗi gaskiya, sai dai akwai sauran bayani. Can cikin ƙuryar hancin kare akwai siraran ƙasusuwa a nannaɗe, an shimfiɗe su da wata tattausar fata mai damshi, kuma a cikinta ne ƙwayoyin jijiyar da ke jin wari suke zaune. Ana ƙiyasta cewa kare yana da irin waɗannan ƙwayoyi miliyan 200 zuwa 300, alhali na mutum 'yan miliyoyi ne kawai. Idan yana shinshina, yakan ja iska kusan sau 5 a daƙiƙa ɗaya, kuma kusan kashi ɗaya cikin takwas na iskar yana bin wata hanya ta daban ya shige wannan ƙurya. Kowace ƙwaya tana da 'yan siraran gasu da ke kwance cikin majina suna kama abin da iska ta ɗauko, sannan ta aika saƙo ta cikin wani ƙashi mai huji-huji kamar rariya zuwa curin jin wari da ke gaban ƙwaƙwalwa.

Matsalar waɗannan ƙwayoyi ita ce a fili suke, ƙura da hayaƙi da ƙwayoyin cuta suna dukan su kullum, don haka da yawa daga cikinsu ba sa wuce 'yan makonni ko watanni. Abin da ya sa hanci ba ya mutuwa gaba ɗaya shi ne a ƙasan fatar akwai wasu ƙwayoyi da nake kira ƙwayoyin iri, waɗanda ke rarrabuwa su haifi sababbi su maye gurbin waɗanda suka mutu. Wani masani, Pasquale Graziadei, da abokan aikinsa ne suka tabbatar da haka a shekarun 1970. Ka ɗauki misalin sabara ko kalgo a gona: kowace shekara kana sarewa, kowace shekara kututturen yana sake toho. Da tsufa ya zo, irin yana raguwa, wanda ya rage kuma yana nawa wajen haihuwa, har wasu wurare a fatar su koma irin fatar hanci ta numfashi wadda ba ta jin wari ko kaɗan. A 1996 masu bincike a Japan sun duba hancin karnuka 22 masu shekara 10 zuwa 19, suka tarar da ƙwayoyin jin wari da gasunsu sun ragu a waɗanda suka haura 14, abin ya tsananta bayan 17, kuma da wuya suka ga alamar sabon toho a cikin tsofaffin.

Ɗan_Kibiya
Likita, ka ɗaure mini kai. A sakandare an koya mana cewa ƙwayar jijiya idan ta mutu ta mutu ke nan, shi ya sa wanda lakarsa ta tsinke ba ya sake tafiya. Wanne za mu ɗauka?

Malamar_Bayoloji_Kazaure
Ɗan_Kibiya, abin da aka koya maka gaskiya ne a mafi yawan sassan ƙwaƙwalwa da laka, kuma shi ne ra'ayin da masana suka tsaya a kai na tsawon lokaci. A 1965 Joseph Altman da Gopal Das a Amurka suka nuna cewa ana haihuwar sababbin ƙwayoyin jijiya a ƙwaƙwalwar ɓeraye bayan haihuwa, a 1969 kuma Altman ya bayyana hanyar da wasu daga cikinsu ke bi har su isa curin jin wari. Shekaru da dama aka yi ba a ba aikinsa muhimmanci ba, sai daga baya aka dawo aka gane yana da gaskiya.

Ina so in ƙara a kan bayanin Likita cewa gonakin ƙwayoyin irin nan biyu ne. Ɗaya tana cikin hanci, kamar yadda ya faɗa. Ta biyu tana cikin ƙwaƙwalwa, a gefen wasu ramuka masu ruwa da ke tsakiyarta, inda ake haihuwar ƙwayoyi su yi jerin gwano zuwa curin jin wari, kuma an ga wannan hanya a ƙwaƙwalwar kare ma. Aikin waɗannan ba kama wari ba ne, aikinsu taimakawa wajen tantance wari da wari. A 2004 wani bincike a Kanada ya nuna cewa ɓeraye masu shekara 2, waɗanda tsofaffi ne tukuf a rayuwar ɓera, suna samun sababbin ƙwayoyi kaɗan a wannan curi, kuma suna iya bambance ƙamshi biyu da suka yi nisa da juna, amma suna kasawa idan ƙamshin biyu sun yi kama. Wannan ne ya faɗo mini a rai da Malam Maharbi ya ce karensa yana sakin sabon sawu ya koma na jiya. Sawun yau da na jiya warin dabba ɗaya ne, bambancinsu ɗan ƙanƙane ne, kuma irin wannan tantancewa ce ta fara ɓacewa a waɗancan ɓerayen.

Makiyayin_Fadamar_Haɗejia
Ni nawa karen bai tsufa ba, shekararsa 4, amma shi ma hancinsa ya mutu. A daminar bara wata cuta ta shiga karnukan rugarmu, zazzaɓi da kwantsa da majina mai kauri, 'yan kwikwiyo uku suka mutu suna shure-shure. Shi ya tashi, amma tun daga lokacin, ko akuya ta ɓata a cikin duhuwa ba ya iya nemo ta, alhali da can shi ne mai wannan aiki. Don haka ina ganin bai kamata a ɗora komai a kan tsufa ba.

Likitan_Dabbobi_BirninKudu
Makiyayi, ka kawo magana mai nauyi. Alamomin da ka lissafa sun yi kama da distamfa, cutar da ke shiga numfashi da hanji da ƙwaƙwalwa, kuma an san tana lalata fatar jin wari har kare ya warke amma hancin bai dawo ba. Akwai allurar rigakafinta, ana fara yi tun kwikwiyo yana da mako 6 zuwa 8.

Kafin a yanke cewa tsufa ne, akwai abubuwan da ya kamata a duba. Saiwar fiƙar sama tana dab da kogon hanci, idan haƙorin ya ruɓe, ruɓar takan huda ta shiga hanci. Akwai kuma wata tsutsa mai faɗi kamar harshe da ke zama a hancin kare, wadda yake samu ta hanyar cin ɗanyar hanta da kayan cikin tumaki da awaki, shi ya sa nake roƙon masu karnuka su dafa kayan ciki kafin su jefa musu, musamman lokacin layya. Ƙari a cikin hanci ma ya fi kama tsofaffin karnuka, alamarsa majina ko jini daga kafa ɗaya ta hanci. Sannan magunguna: a 2016 an gwada maganin nan na gudawa da muka sani da Flagyl a kan karnukan da aka horar wajen gano abubuwan fashewa, aka ga aikin hancin rabinsu ya ragu. Mutanenmu da yawa suna saya a kemis su ɗura wa kare ba tare da awo ba.

Abu ɗaya kuma ba na wasa da shi: idan halin kare ya sauya cikin 'yan kwanaki, yana dalalar da miyau, yana cizon abin da ya samu, ko muryarsa ta sauya, kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan duba haƙori. A killace shi, a kira ma'aikacin dabbobi, domin ciwon haukan kare ba ya da magani idan alamunsa suka bayyana. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafinsa, kuma kowace shekara ake sabuntawa.

Abu_Mai_Taki_Wudil
Ni dai a gafarce ni, amma ina ganin an tsawaita magana a kan kare. Ya yi zamaninsa, a nemi ɗan kwikwiyo a horar, shi kuma a rabu da shi. Wa zai ɗauki kare daga ƙauye ya kai shi asibiti alhali mutane ma suna fama da kuɗin magani?

Malam_Na_Tsangaya_Ringim
Malam Abu, maganarka ta wahalar kuɗi gaskiya ce, amma kalmar a rabu da shi tana buƙatar gyara. Shari'a ta halatta riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma wanda ya riƙi dabba, ciyar da ita da shayar da ita suna wuyansa, ko tana da amfani ko amfaninta ya ƙare. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Allah ya gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wannan kare ya yi shekara 11 yana kawo nama gidan mai shi, kuma Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Korar sa cikin daji a lokacin da ba zai iya nemo abinci da hancinsa ba zalunci ne.

Injiniyan_Tiga
Ina so in mayar da mu kan tambayar asali, domin akwai abin da bai daidaita mini ba. Likita ya ce a binciken Japan lalacewar ta bayyana ne bayan shekara 14, karen Malam Maharbi kuma 11 yake, Baba Sarkin Dawa ma cewa ya yi tun daga 9 yake ganin rauni. Ke nan ko dai karnukanmu suna tsufa da wuri, ko kuma ba tsufa ne kaɗai ke aiki ba. Kare da ke zaune a ɗaki yana cin abinci mai gina jiki ba ɗaya ba ne da wanda ke shaƙar ƙurar hunturu da hayaƙin ƙonar daji wata huɗu a shekara, yana rayuwa a kan dusa da ƙanzo.

Likitan_Dabbobi_BirninKudu
Injiniya, gyaranka ya karɓu. Abin da aka gani a Japan shi ne lalacewar da ta kai ido ya gan ta a madubin bincike, kuma maharbi yana neman aiki mai wuya daga hancin karensa, don haka zai iya lura da rauni tun kafin a kai wannan mataki. Na kuma yarda da kai cewa wahala tana da hannu. Kowace mura da kowane hayaƙi suna tilasta wa ƙwayoyin iri su sake aiki, kuma kututturen da ake sarewa sau da yawa ya fi saurin gajiya. Girman jiki ma yana da tasiri, domin manyan karnuka sun fi ƙanana saurin tsufa.

Baba_Sarkin_Dawa_Gwaram
Maganar hunturu da Injiniya ya kawo, ni shaida ne. Idan iska ta bushe, hazo ya sauka, ko matashin kare yana wahala da sawu, kuma za ka ga hancinsa ya tsattsage. Shi ya sa nake ɗaukar gorar ruwa ta musamman don karnuka, in ba su kafin su nuna ƙishirwa. Kare da ke haki da baki a buɗe ba ya shinshina yadda ya kamata. Yaro, kada ka gwada karenka da azahar ka yanke masa hukunci, gwada shi da asuba.

Hajiya_Uwargida_Gumel
Ni ba ni da kare, amma wannan zance ya tuna mini da mahaifiyarmu, Allah ya ƙara mata lafiya, wadda ta haura 80. Da can daga ƙofar gida take gane cewa daddawa ta yi yawa a miya, yanzu kuwa tuwo zai kama a tukunya, ƙauri ya cika gida, tana zaune kusa da murhu ba ta ji ba. Abinci ma ya daina yi mata daɗi, sai ta ce ba a sa gishiri ba. Shin abu ɗaya ne da na karen?

Ma'aikaciyar_Jinya_Rano
Hajiya, tushensu ɗaya ne, domin mu ma muna da waccan fata da ƙwayoyin irinta. Wani babban bincike a Amurka a 1984 ya nuna cewa fiye da rabin mutanen da ke tsakanin shekara 65 da 80 suna da babban rauni a jin ƙamshi, bayan 80 kuma abin ya haura kashi uku cikin huɗu. Mafi yawan abin da muke kira daɗin abinci ta hanci yake zuwa, shi ya sa Mama take neman ƙarin gishiri, kuma a kula kada a biye mata idan tana da hawan jini. Kada kuma a bar ta ita kaɗai da wuta ko tukunyar gas. Lokacin annobar korona a 2020 mutane da yawa sun daina jin ƙamshi, mafi yawansu kuma ya dawo musu cikin makonni ko watanni, saboda fatar tana iya gyara kanta. Tsohon kare ma yakan rage ci saboda wannan dalili, kuma idan aka ɗumama masa abinci aka zuba ɗan romo, warin yakan tashi ya ci.

Malamar_Bayoloji_Kazaure
Akwai abin da ba a taɓo ba tukuna. Malam Maharbi ya ce karen yana kewaya wuri ɗaya, kuma wannan zai iya zama hanci, zai iya zama gigin tsufa, domin karnuka ma suna yin sa. A wani bincike da aka wallafa a 2001, kashi 28 cikin 100 na karnuka masu shekara 11 zuwa 12 sun nuna aƙalla alama ɗaya ta ruɗewa, a masu 15 zuwa 16 kuma kashi 68 ne. Sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe hanya da wurare, wanda ake kira hifokamfus, shi ma yana haihuwar sababbin ƙwayoyi, kuma a 2007 an nuna cewa wannan haihuwa tana faɗuwa ƙwarai a tsofaffin karnuka nau'in bigil, kuma waɗanda suka fi ƙarancin sababbin ƙwayoyi sun fi kasawa a gwajin koyo da tunawa. Malam, yana ɓata a gida? Yana tsayawa a lungu ya rasa mafita, ko ya kwana yana yawo da kuka, ko ya yi kashi a inda bai saba ba?

Ɗan_Kibiya
To, akwai abin da zai dawo da tsirowar? A garinmu wasu maharba suna hura wa kare garin magani a hanci, wasu har da barkono, wai don hancin ya buɗe.

Likitan_Dabbobi_BirninKudu
Don Allah a daina wannan. Barkono da hayaƙi suna ƙona fatar da muke ƙoƙarin karewa, kuma tsohon kare shi ne wanda ya fi kasa gyara ɓarnar. Babu ƙwaya ko allura a kasuwa da ke mayar da ƙwayoyin irin tsohon kare su koma na matashi, duk wanda ya sayar maka da ita kuɗinka ya ci. Abin da aka gwada aka ga amfaninsa shi ne a tsofaffin karnukan bigil da aka riƙa fita yawo da su, ana ba su abin wasa da abokin zama da ƙananan ayyukan koyo, tare da abinci mai haɗin ganyaye da 'ya'yan itace da bitamin: sun fi sauran riƙe basirarsu, kuma an ga motsa su da aiki ya rage mutuwar ƙwayoyi a wani ɓangare na hifokamfus. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce kada a ɗaure tsohon kare a turke a manta da shi. A fita da shi gona da safe, a bar shi ya shinshina yadda yake so, a ɓoye masa ɗan nama ya nema.

Masana sun damu da wannan fata ta hanci har don wani dalili. A 2012 a Jami'ar Kambirij da ke Ingila an ɗauki karnuka 34 da lakarsu ta ji rauni, aka ciro wasu ƙwayoyi masu raka jijiyar wari daga hancin 23 daga cikinsu aka dasa musu a wurin raunin, kuma da yawa sun samu ci gaba wajen daidaita takun ƙafafun baya da na gaba. Ɗan_Kibiya, wannan ya taɓa tambayarka ta farko game da laka.

Maharbin_Sumaila
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Baba, jiya da asuba na kifa ƙore uku a tsakar gida, na sa busasshen kifi a ƙarƙashin ɗaya. Sau biyar na sauya wuri, sau huɗu ya gano, amma sai ya kai hancinsa dab da ƙwaryar, alhali da can daga zaure zai nufo ta kai tsaye. Malama, ba ya ɓata a gida, yana barcinsa da dare, kuma har yanzu ya san hanyar gona da ta rafi. Da yake halinsa bai sauya ba kuma an yi masa allurar hauka bana, na ɗaga leɓensa na duba: fiƙar sama ta hagu ta karye ta yi baƙi, dasashin ya kumbura, kuma yanzu na tuna cewa kafar hancinsa ta hagu ce ke yawan zubar da majina, yana atishawa idan ya sha ruwa. Malam Abu, ba zan rabu da shi ba. Ranar kasuwa zan kai shi wurin ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Injiniyan_Tiga
Wannan haƙori ya ƙarfafa abin da na faɗa. Ni har yanzu ina ganin a shekara 11 cuta ta fi tsufa hannu a ciki.

Baba_Sarkin_Dawa_Gwaram
Ko an cire haƙorin, Injiniya, ban sa ran ya koma riƙe sawun da ya kwana ba. Na ga masu haƙora lafiya lau da suka rasa shi a wannan shekaru.

Likitan_Dabbobi_BirninKudu
Malam Maharbi, idan ka je, ka faɗa masa maganar atishawa bayan shan ruwa, ka roƙe shi ya duba ko akwai huji tsakanin saiwar haƙorin da kogon hanci. Kafin ranar, ka daina ba shi ƙashi, ka jiƙa masa abincinsa ya yi laushi. Bayan wata biyu da yin aikin ka sake gwajin ƙoren nan da asuba, da irin kifin da ka yi amfani da shi jiya, ka auna daga taku nawa yake fara nufar ƙwaryar, ka zo ka faɗa mana.